Sunayen Duwatsun da Suka Taɓa Narkewa

Duk inda ake gini a garuruwanmu za ka tarar da tulin tsakuwa da tifa ta juye a bakin hanya. Ɗauki guda ɗaya ka wanke ta, ka juya ta a rana. Daga nesa toka-toka ce, amma a tafin hannu sai ka ga ashe ba abu ɗaya ba ce. Akwai ƙwayoyi masu launin madara, wani lokaci da ɗan ja-ja, masu fuska sumul da ke walƙiya idan ka karkata su. A tsakaninsu akwai wasu masu hasken gilashi mai hazo, waɗanda ba su da siffa tasu ta kansu, sun dai cike duk gurbin da aka bar musu. Sannan ga baƙaƙen ɗigo-ɗigo da za su ɓare falle-falle idan ka sa musu tsinin allura. Na farko masana suna ce masa felsfa, na biyu kwaz, na uku maika. Babu laka ko siminti da ya riƙe su. Kowace ƙwaya ta cusa kanta cikin 'yar'uwarta har ba a bar inda tsinke zai shiga ba. Wannan dutse shi ne giranit.

Birkila bai damu da wannan suna ba, kuma yana da gaskiyarsa. Shi tsakuwa ya sani, ya san mai manyan ƙwaya da mai ƙanana, ya san wadda ke kama siminti da wadda ke marmashewa. Haka muka saba kiran duwatsu tun kaka da kakanni, da aikin da suke mana. Ga dutsen niƙa da ɗansa. Ga fa, inda ake shanya hatsi da barkono. Ga marmara da ake zubawa a hanya, ga ƙanƙara da ake ƙyasta wuta da ita, ga tama da maƙera ke narkawa su fid da ƙarfe, ga kuza. Wannan ilimi ne na haƙiƙa, kuma ban yarda da mai raina shi ba. Matar da ta je zaɓen dutsen niƙa ta san wanda zai riƙa zubar da tsakuwa cikin gari tun kafin ta ɗora masa dawa. Sai dai akwai tambayar da waɗannan sunaye ba su ɗauki nauyin amsawa ba, wato daga ina dutsen ya fito, kuma me ya same shi kafin ya zo hannunmu. A kan wannan tambaya masana duwatsu suka gina nasu sunayen, kuma a kanta suka shafe fiye da ƙarni biyu suna sa-in-sa.

Sun kasa duwatsun duniya gida uku. Akwai waɗanda suka taru daga yashi da laka da ɓawon halittun ruwa, nauyi ya danne su suka haɗe, irin dutsen da ake yin siminti da shi a Kalambaina da Ashaka. Akwai waɗanda zafi da matsi suka sauya wa kama ba tare da sun narke ba. Gida na uku shi ne namu a yau, kuma sharaɗin shigarsa ɗaya ne tak: dutse ya taɓa zama ruwa-ruwa don tsananin zafi, sannan ya huce ya daskare. Ba tsayi ke shigar da dutse wannan gida ba, ba kuma shahara ba. Dala da Goron Dutse, duk da matsayinsu a tarihin Kano, marmara ce a kansu, wadda damina da rani suka samar sannu a hankali: ruwa ya wanke abin da zai wanku, ƙarfe ya rage ya taurare. Wannan ƙarfen ne ya jawo maƙeran farko zuwa gindin Dala. Marmarar kanta ba ta taɓa narkewa ba.

Turawa sun ɗauko sunan wannan gida daga kalmar Latin mai nufin wuta, mu ma mukan ce dutse mai aman wuta. Maganar ta zauna, amma tana iya ɓatar da mai koyo, domin a can ƙasa babu abin da ke ci da wuta. Babu itace, babu iska, babu harshen wuta, zafi ne kawai da nauyi. Haka nan ba gaskiya ba ne cewa ƙarƙashin ƙafafunmu tekun narkakken dutse ne muke yawo a kansa. Zafi yana ƙaruwa da kusan digiri 25 zuwa 30 a kowace kilomita da aka nutsa a ɓawon ƙasa, amma nauyin abin da ke sama ma ƙaruwa yake yi, kuma nauyi yana hana dutse narkewa. Saboda haka dubban kilomitoci na cikin ƙasa daskararren dutse ne mai zafin gaske. Narkewa sai da dalili. Ko dai dutsen mai zafi ya taso sama, nauyi ya ragu a kansa, wani ɓangarensa ya saki. Ko ruwa ya shige shi, domin jiƙaƙƙen dutse ya fi busasshe saurin narkewa. Ko wani narkakken ya zo daga ƙasa ya zauna a gindinsa ya dafa shi. Kowace hanya da irin ɗan da take haifarwa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne abin da ke faruwa bayan narkewar. Wanda ya taɓa ganin kashin maƙera a tsohon wurin narka tama ya riga ya ga rabin maganar. Kashin nan dutse ne da ya narke a cikin murhu, aka zubar da shi ya huce nan da nan, shi ya sa yake baƙi mai sheƙi, cike da ƙofofin kumfa, kuma ba ka ganin ƙwaya ko ɗaya a jikinsa. Ƙwaya tana buƙatar lokaci. A cikin narkakken dutse sinadarai a cakuɗe suke, kowa na yawo. Idan zafi ya sauka a hankali, sai kowane iri ya nemi ɗan'uwansa, su jeru bisa tsari, ƙwaya ta fara ƙarama ta yi ta girma. Idan aka ba ta dubban shekaru, ko dubban ɗaruruwa, za ta kai girman da ido zai gani. Idan kwanaki ko 'yan shekaru ta samu, ƙwayoyin za su fito, amma sai da madubin ƙara girma za a gan su. Idan kuwa sa'o'i ne, babu ƙwayar da za ta samu sukuni, sai dutsen ya daskare ya zama gilashi. Wannan gilashin shi ake kira obsidiyan, baƙi wuluk, wanda ke fashewa da kaifi har mutanen dā a Habasha da Kenya da Meziko suka riƙa yin wuƙaƙe da kan kibiya da shi.

Daga nan sunaye suka rabu biyu-biyu. Narkakken dutse mai yawan silika, wato sinadarin da yashi da gilashi suka ƙunsa, idan ya maƙale a zurfin kilomitoci ya huce cikin natsuwa, giranit ne. Shi ɗin dai, da sinadaransa ɗaya ba ragi ba ƙari, idan ya samu hanya ya fito sarari ya huce da gaggawa, sunansa rayolayit. Mai ƙarancin silika, mai yawan ƙarfe da maganiziyam, idan ya huce a zurfi gabro ne, idan ya fito waje basalt ne. A tsakiya akwai dayorayit na zurfi da andesayit na sarari. Ka niƙa giranit da rayolayit ka kai garinsu ɗakin gwaji, mai gwajin ba zai iya gaya maka wanne ne wanne ba. Ka ajiye su gaba ɗaya a kan tebur kuwa, yaro ma zai ce duwatsu biyu ne. Ke nan sunan yana ɗauke da labarin inda dutsen ya huce da tsawon lokacin da ya samu, ban da abin da aka yi shi da shi.

Silika ce kuma ke yanke hukuncin halin dutsen tun yana ruwa. Basalt yana fitowa da zafin digiri 1,100 zuwa 1,200, tsinkakke, yana malala ya yi nisan kilomitoci. Rayolayit bai kai shi zafi ba, wajen 700 zuwa 850, amma yana da kauri da danƙo har iskar da ke cikinsa ba ta samun mafita cikin sauƙi. Sai ta taru, ta taru, ta fashe da dutsen gaba ɗaya. Kumfar da ta daskare a sama yayin wannan fashewa ita ce dutsen nan mara nauyi, mai ramuka, da ke iya yawo a kan ruwa, irin wanda ake goge kaushin ƙafa da shi.

Duwatsu biyu na ƙasarmu sun isa su nuna nisan da ke tsakanin waɗannan asali. Kufena da ke yamma da Zariya giranit ne, mai manyan ƙwayoyin felsfa da ake gani ɓaro-ɓaro a jikin fa. Girman ƙwayoyin nan shaida ce cewa bai taɓa ganin rana ba sa'ad da yake hucewa. A ƙarƙashin kilomitoci na wasu duwatsun ya daskare, kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, kuma duk abin da ya rufe shi ruwa da iska sun kwashe shi ƙwaya-ƙwaya sun kai teku. Mukan ce dutse ya tsiro, alhali ƙasar da ke kewaye da shi ce ta sauka ta bar shi tsaye. Kwatarkwashi a Zamfara ma haka labarinsa yake. Dutsen Wase kuwa, a kudancin jihar Filato, da ganin tsayuwarsa ka san wani iri ne: ya miƙe sak, gefensa a tsaye. Shi maƙogwaron tsohon dutse mai aman wuta ne. Narkakken dutsen da ya rage a cikin bututun ya daskare, gangar jikin tsaunin mai laushi ta zaizaye, toshiyar ta rage. Dukkansu dutse muke ce musu, kuma daidai ne. Amma ɗaya tushe ne da aka tone, ɗaya kuwa abin da ya saura ne daga hanyar fita.

Basalt ya fi kowane dutse a wannan gida yawa a fuskar duniya, domin shi ne shimfiɗar ƙasan tekuna, kuma baƙaƙen tabon da muke gani a fuskar wata ma shi ne. Alhazan da suka je Madina sun gan shi ko da ba su san sunansa ba: filayen baƙaƙen duwatsu masu kaushi da ke kewaye da birnin, waɗanda Larabawa ke kira harra. A shekarar 654 bayan Hijira, wato 1256, ƙasa ta tsage a kudu maso gabashin Madina, narkakken basalt ya yi makonni yana malala har ya doshi birnin kafin ya tsaya, kuma malaman tarihi na lokacin sun rubuta abin da aka gani. A nan gida, tudun Biyu basalt ne, tafkin Tila kuwa ruwa ne da ya taru a bakin tsohon dutse mai aman wuta. Akwai wasu ƙananan tsaunukan irinsa a wajen Panyam da Kerang. Manoman waɗannan wurare sun san amfaninsa, domin basalt idan ya ruɓe yana barin ƙasa mai nauyi da albarka.

Da irin wannan shaida, mutum zai ɗauka ba a taɓa jayayya kan asalin basalt ba. An yi, kuma mai zafi. A ƙarshen ƙarni na 18 babban malamin duwatsu a Turai shi ne Abraham Werner na makarantar haƙar ma'adinai ta Freiberg a Jamus. Ya koyar da cewa wani teku ne ya taɓa rufe duniya baki ɗaya, kuma giranit da basalt duk daga ruwansa suka kwanta. Ba wauta ya yi ba. Basalt ɗin da ya sani a yankinsu shimfiɗe yake hawa-hawa a kan tuddai, babu wani dutse mai aman wuta kusa, don haka ya yi kama da abin da ruwa ya ajiye. Amma tun 1763 wani Bafaranshe, Nicolas Desmarest, ya bi sawun basalt a yankin Auvergne da ƙafa har ya kai shi bakin tsofaffin ramukan da ya fito. A 1785 kuma James Hutton ya je kwarin Glen Tilt a Sikotilan, ya tarar da jijiyoyin jan giranit sun kutsa cikin tsagogin wani dutsen daban, sun rarrabu a cikinsa. Abin da ya kwanta daga ruwa ba ya kutsawa sama cikin tsaga. Dole giranit ɗin ya shigo yana narke, kuma dole dutsen da ya shiga ya girme shi. Ɗaya daga cikin manyan ɗaliban Werner, Leopold von Buch, ya je Auvergne da idonsa, kuma daga baya ya bar ra'ayin malaminsa. Ina girmama wannan mutum saboda haka, domin barin maganar malami bayan an ga hujja ba ƙaramin abu ba ne a kowace al'umma.

A duk tsawon wannan rigima sunan basalt bai canza ba, ma'anarsa ce ta yi ta juyawa a ƙarƙashinsa. Sunan ma da kuskuren mai kwafe littafi ya shigo. Marubucin Rum, Pliny, ya ambaci wani baƙin dutse mai tauri da kalmar da ta samo asali daga sunan dutsen gwada zinariya a Girkanci, wani magatakarda ya karkata haruffan, sannan a 1546 Georgius Agricola ya ɗauki gurɓatacciyar kalmar ya liƙa wa ginshiƙan baƙin dutse na Stolpen a Jamus. Giranit daga kalmar Italiyanci mai nufin abu mai ƙwaya-ƙwaya ya fito, wanda ya dace da abin da ido ke gani. Sauran kuwa yawancinsu sunayen wurare ne. Gabro ƙauye ne a Italiya. Andesayit daga tsaunukan Andes na Kudancin Amurka, inda ƙasan teku ke nutsewa ƙarƙashin nahiya ɗauke da ruwa, ruwan ya narkar da abin da ke samansa. Kimbalayit, mai ɗauko lu'ulu'u daga zurfin da ya wuce kilomita 150, daga garin Kimberley na Afirka ta Kudu.

Sanya wa dutse sunan gari yana da daɗi, amma yana da tarko, kuma Aswan ce ta fi nuna shi. Daga can Fir'aunonin Masar suka sassaƙo dogayen ginshiƙansu na jan dutse. Tsohon sunan garin Syene, don haka Pliny ya kira dutsen da sunan garin, abin da ya zama sayanayit. Bayan ƙarnoni Werner ya ari sunan ya ba wani dutse na kusa da Dresden da ya ga ya yi kama da shi. Na Dresden ba shi da kwaz sosai, kuma a kansa ma'anar ta zauna: sayanayit shi ne mai yawan felsfa, mai ƙarancin kwaz. Da aka koma aka duba na Aswan da kyau, sai aka tarar cike yake da kwaz. Yau a littattafan masana jan dutsen Aswan giranit ne, kuma sunan da aka ciro daga garinsa ya koma kan wani. Haka abin ya yi ta faruwa. Kowane masani ya je wani kwari ya ga dutse ya raɗa masa suna, har sunayen duwatsun wannan gida kaɗai suka haura 1,500, da yawa cikinsu abu ɗaya suke nufi, wasu kuma suna ɗaya ne a kan abubuwa uku.

Wanda ya ɗauki nauyin share wannan rumbu shi ne Albert Streckeisen, masani daga Suwizalan, tare da kwamitin ƙungiyar masana ƙasa ta duniya, kuma a shekarun 1970 aka amince da tsarinsu. Shawarar da suka yanke ita ce a daina sa asali cikin ma'anar suna, a koma ga abin da za a iya ƙirgawa. A yanko dutse siriri har haske ya ratsa shi, a sa a madubi, a ƙirga ƙwayoyi. Idan kwaz ya kai kashi 20 zuwa 60 cikin 100 na fararen ma'adinan, kuma nau'o'in felsfa biyu suka zo bisa wani rabo da aka ƙayyade, giranit ne, ko daga Zariya ya fito ko daga Indiya. Duwatsun sarari da ƙwayoyinsu suka yi ƙanƙanta ga ƙirga, sai a auna sinadaransu: basalt shi ne mai silika kashi 45 zuwa 52, da ɗan sodiyam da fotasiyam da bai wuce iyaka ba.

A ganina sun yi daidai, ko da yake tsarin ya bushe, babu labari a cikinsa. Abin da ido ya gani aka ƙirga, kowa zai iya sake ƙirgawa ya gaskata ko ya ƙaryata. Asali kuwa fahimta ce, babu wanda yake nan sa'ad da Kufena ke hucewa. Idan ka ɗaure suna a jikin fahimta, ranar da fahimtar ta faɗi sunan zai bi ta. Werner ya isa misali. Kuma wannan bai hana kasuwa nata yaren ba: mai sayar da tayil da allon kicin duk dutse mai tauri da ya ɗauki sheƙi giranit yake ce masa, har da wanda yake kira baƙin giranit, wanda a wurin masana yawanci gabro ne ko ɗan'uwansa, babu kwaz a cikinsa sai abin da ba a rasa ba. Ba ƙarya ya yi wa mai saye ba, domin tauri da sheƙi aka zo saya. Matsala tana tasowa ne kawai idan aka ɗauki ma'anar kasuwa aka shiga da ita aji, ko aka nemi ma'adini da ita.

To amma tsarin ƙirga ya bar babbar tambayar a buɗe. Idan duwatsu biyu suka cika sharaɗin giranit, shin hanya ɗaya suka biyo? Norman Bowen, ɗan Kanada da ya yi aiki a wani ɗakin gwaji a Washington, ya shafe shekaru yana narka duwatsu a ƙananan tukwane yana kallon abin da ke fara daskarewa. Ya nuna cewa ma'adinai ba tare suke fitowa ba. Masu ƙarfe da maganiziyam ne ke riga, tun zafi na sama, kwaz ne ke zuwa ƙarshe, shi ya sa a tsakuwar gini ba shi da siffa sai ta gurbin da ya samu. Idan na farkon suka nutse suka rabu da ruwan, abin da ya rage sai ya ƙara yawan silika, don haka daga narkakken basalt ana iya tace ɗan giranit. Ya tattara wannan a littafinsa na 1928. Wasu masana suka ce giranit ɗin duniya ya yi yawan da wannan tacewa ba za ta samar da shi ba, har wasu suka ce yawancinsa bai taɓa narkewa ba, tsofaffin duwatsu ne da ruwan zafi ya ratsa ya sauya. A 1958 aka wallafa gwajin Bowen da abokin aikinsa Tuttle da ya nuna cewa giranit mai ruwa a ƙarƙashin matsi yana fara narkewa a wajen digiri 650 kacal, zafin da gindin nahiya ke iya kaiwa. Yau an fi tafiya a kan cewa yawancin giranit daga narkewar ɓawon nahiya kansa yake, wani kuma daga tacewa, wani gauraye. Sunan ɗaya ne, iyayen da yawa. Wani abin da jerin Bowen ya bayyana kuma shi ne, wanda ya riga daskarewa shi ke riga ruɓewa a sarari. Felsfa takan koma yumɓu, kwaz ya jure, kuma shi ne mafi yawan yashin da ake ɗiba a kogunanmu.

Arewacin Najeriya na cikin wuraren da wannan magana ta fi fitowa fili a duniya. John Falconer, wanda ya zagaya ƙasar yana binciken ma'adinai a farkon mulkin Turawa, ya wallafa littafinsa a 1911, kuma shi ya lura cewa giranit ɗinmu iri biyu ne, ya kira su tsofaffi da sababbi. A kusa da Bauci ya ga wani dutse mai duhun kore da manyan ƙwayoyi. Bayan rabin ƙarni Mosobalaje Oyawoye, ɗan Offa, wanda ya zama farfesan ilimin duwatsu na farko ɗan Najeriya, ya yi nazarinsa ya nuna cewa yana ɗauke da wani ma'adini mai yawan ƙarfe da ba a saba ganinsa tare da kwaz ba, ya raɗa masa suna bauchayit a shekarun 1960. Sunan gari ne shi ma, da duk tarkon da na ambata, amma ina jin daɗin cewa ɗan ƙasa ne ya duba dutsen ƙasarsa da kyau har ya ga abin da ya bambanta shi, kuma ina ganin ya kamata kowane ɗalibin sakandare a Bauci ya taɓa riƙe shi a hannu.

Tsofaffin giranit, irin su Kufena, an haife su ne lokacin da manyan ɓangarorin ƙasa suka yi karo suka haɗe, ɓawon ya yi kauri, gindinsa ya narke. Sababbin ba karo ya haife su ba. A tsakiyar nahiya suka huda, ɗaya bayan ɗaya, a jere daga arewa zuwa kudu na tsawon fiye da kilomita 1,000. Na tsaunukan Azbin a Nijar su ne mafiya tsufa, sun haura shekara miliyan 400. Na Damagaram suka biyo. A Najeriya na wajen garin Dutse sun kai kimanin miliyan 213, na Jos wajen miliyan 160, na Afu a kudu miliyan 141. Yawancinsu da aman wuta suka fara. Rayolayit da toka suka fito, rufin ya rufta cikin ramin da ya wofinta, sannan sauran narkakken dutsen ya biyo tsagar da ta kewaye wurin ya daskare a ƙasa ya zama giranit. Shi ya sa a taswira suke fitowa zobe-zobe. A Riruwai da ke kudancin jihar Kano, da tsaunukan Ningi, rayolayit ɗin bai gama zaizayewa ba, don haka mai tafiya a ƙafa zai iya taka dutse mai laushin ƙwaya da safe, ya taka mai manyan ƙwaya da rana, duka daga tukunya ɗaya.

Wannan bambanci ya taɓa rayuwar mutane kai tsaye. Ruwan ƙarshe da ya rage a cikin sababbin giranit ya tara kuza da kwalambayit ya zuba su a jijiyoyin dutsen. Da dutsen ya ruɓe, kuza mai nauyi ta kwanta a gindin rafuka. Mutanen Riruwai suna narka ta tun kafin zuwan Turawa. Daga farkon ƙarni na 20 kamfanoni suka cika tudun Jos, dubban Hausawa suka tafi aikin haƙa a Bukuru da Barikin Ladi, a lokacin yaƙin duniya na biyu ma har da aikin tilas, kuma kududdufan da aka bari suna nan har yau. Mafi yawan kuzar da Najeriya ta fitar daga sababbin ta fito. Tsofaffin kuma nasu arzikin yana cikin wasu jijiyoyi masu ƙwayoyi ƙatta, wani lokaci ƙwaya ɗaya ta fi hannun mutum tsawo, waɗanda ba jinkirin hucewa kaɗai ya girmar da su ba, yawan ruwan da ke cikin narkakken ne ya ba sinadarai damar tafiya da sauri. A irin waɗannan jijiyoyi ake samun duwatsun ado da litiyam ɗin da ake rububinsa yanzu a jihar Nasarawa. Mai ƙirga ƙwayoyi a madubi zai rubuta giranit a kan samfurin Kufena, ya rubuta giranit a kan na Riruwai, amma mai neman ma'adini sai ya ƙara tambayar shekarun dutsen da yadda aka haife shi kafin ya san abin da zai tarar idan ya haƙa.